Harshen Damo a Cikin Ƙarfe: Sharhi a kan Hotunan Siffofin da Aka Haɗa da Tsofaffin Kayan Aiki

Mafi yawan malamai da ɗalibai na kwalejojin horon malamai ba su taɓa tsayawa gaban siffofin ƙarfe da ke ajiye a gidajen kayan tarihi na Turai da Amurka ba. Abin da ya iso hannunsu hoto ne a cikin littafi, saboda haka mai ɗaukan hoto ya zama tafinta tsakaninsu da mai aikin. Tafinta kuwa yakan ci amana ko da bai yi niyya ba. Manufar wannan takarda ita ce a duba yadda aka ɗauki hoton wasu siffofi da aka haɗa da tarkacen ƙarfe, a ga inda aka riƙe amanar da inda aka sake ta.

Wajibi ne a fara da daidaita suna. Masassaƙi rage itace yake yi har siffa ta fito. Maƙeri kuwa yakan gasa ƙarfe ya yi ta bugunsa bisa uwar maƙera har ya rabu da kamanninsa na fari. Aikin da ake magana a kansa ya saɓa wa duka biyun, gama mai yinsa yakan ɗauko abin da ya riga ya sami suna da amfani, ya liƙa shi da wani ta hanyar walda, ya bar shi da kamanninsa. Awartaki yana nan awartaki, alhali kuwa ya zama ƙafafun wata halitta. A nazarin harshe, maganar da ta ɗauki ma'ana biyu a lokaci guda ita ake kira mai harshen damo, kuma daɗinta yana ga jin ma'anonin tare. Ma'aunin hoton irin wannan siffa ke nan: shin ya bar wa mai kallo harsunan biyu, ko ya datse ɗaya?

Misali mafi sauƙi shi ne Kan Bijimi, wanda Picasso ya haɗa a birnin Faris cikin shekara ta 1942. Abu biyu ne kacal: sirdin keke ya zama fuska, kan keke, watau ƙarfen da mahayi ke riƙewa, ya zama ƙahoni. Daga baya aka zuba shi da tagulla. Brassaï, wanda ya shahara da hotunan Faris da dare, shi ya ɗauki hotunan siffofin Picasso, kuma a littafin hirarsu da ya fito a 1964 ya ba da labari cewa Picasso da kansa ya hango hatsari ga tagulla, domin takan haɗe abubuwa dabam dabam har a kasa rarrabe su, in kuwa aka ga bijimi aka daina ganin keke, aikin ya yi asarar ƙarfinsa. Hatsarin tagulla shi ne hatsarin hoto. Hoto baƙi da fari yakan mai da fata da ƙarfe launi guda. In hasken ya faɗo ta gaba sosai, sai komai ya baje, bijimi ya cinye keke. In ya zo ta gefe, inuwa takan bi lanƙwasar sirdin, ta nuna inda aka yi shi domin zaman mutum. Abin da ya kamata a nema ga kowane hoton wannan siffa ke nan.

Sha'anin David Smith, mutumin Amurka (1906 zuwa 1965), ya fi wannan wuya, domin shi ke ƙera siffofinsa, shi kuma ke ɗaukan hoton da yawa daga cikinsu. A gonarsa ta Bolton Landing, cikin jihar New York, yakan fitar da siffa fili, ya sa na'urar ɗaukan hoto ƙasa ƙasa, har siffar ta tsaya baƙa ƙirin a jikin sararin sama, duwatsu suna can nesa ƙanana. Ga siffofin da ya yi da sandunan ƙarfe kamar zane, irin wadda ya kira Australia ta 1951, lalle wannan dabara ta dace, gama layi shi ne maganarsu. Amma fa tana da tsada. Mai kallo ba ya iya sanin ko abin ya kai tsayin mutum ko ya fi, kuma tsatsa da tabon guduma duk sun ɓace cikin baƙin.

Tsadar ta fi bayyana in aka juya ga aikinsa na 1962. A wannan shekara aka gayyace shi Italiya domin bikin birnin Spoleto, kamfanin ƙarfe na Italsider ya buɗe masa tsohuwar masana'anta da aka daina aiki da ita a Voltri, kusa da Jenowa. Cikin kwana 30 ya gama siffofi 27, da yawansu daga abin da ma'aikata suka bari: manyan awartakai, da ƙafafun amalanken ɗaukan ƙarfe, da guntayen faranti. Wadda aka sa wa lamba ta 6 babban awartaki ne bisa ƙafafu masu gungurawa, ta 19 kuwa teburin aiki ne da kayansa a kai. Siffofi irin waɗannan rabin zancensu yana ga sawun hannu, watau inda ƙota ta sule saboda riƙo, da inda baki ya cinye saboda wuta. Hoton da ya mai da su inuwa a jikin sama ya ba da kyan tsari, ya ɓoye ma'aikatan.

Nan ne Ugo Mulas, mai ɗaukan hoto na Italiya (1928 zuwa 1973), ya cancanci yabo. Ya bi Smith har cikin masana'antar, ya ɗauki siffofin a ɗakunan da aka tsinto kayansu, tarkacen da ba a taɓa ba yana zube kewaye da su, mai aikin kuma yana tsakani, ana auna girmansu da jikinsa. Wanda ya dubi waɗannan hotuna yakan ga awartakin da ke kwance a ƙasa da ɗan'uwansa da ya miƙe tsaye ya zama siffa, ya fahimci tazarar da ke tsakaninsu ba tare da an yi masa bayani ba. Sa'an nan Mulas ya sake ɗaukansu a tsohon dandalin wasa na Rumawa da ke Spoleto, inda aka jera su bisa matakalan dutse. Hotunan Spoleto sun fi ƙawa, na Voltri sun fi gaskiya, kuma littafin da ya buga na fari ya bar na biyu ya tauye mai karatu.

Akwai inda datse harshe ɗaya ya wuce tauyewa ya zama ɓata shaida. Yaƙin basasar Mozambik ya ƙare a 1992, a 1995 kuma Bishop Dinis Sengulane ya kafa shirin karɓar bindigogi daga hannun jama'a a musanya musu da fartanya da keken ɗinki da makamantansu. Daga bindigogin da aka yayyanka ne Cristóvão Canhavato, wanda aka fi sani da Kester, ya haɗa Karagar Makamai a Maputo cikin 2001, gidan kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan ya saye ta a 2002. In aka ɗauke ta daga nesa, aka ƙanƙance hoton a kusurwar shafi, kujera kawai za a gani. Sai an matso har kunamar bindiga da gidan harsashi sun fito sarai kafin mai kallo ya san abin da ake gayyatarsa ya zauna a kai. Siffa irin wannan hoto ɗaya ba ya isarta, tilas a haɗa na nesa da na kusa a shafi guda.

Ga malamin da zai kai irin waɗannan hotuna aji, abin da ya fi muhimmanci shi ne rubutun da ke ƙarƙashinsu. Littattafai sukan wadatu da cewa an yi siffar da ƙarfe, wannan kuwa kamar a fassara karin magana da kalma ɗaya ne. Hausa tana da sunayen: awartaki, masaɓa, magagari, sirdi. Ya kyautu malami ya rufe rubutun, ya tambayi ɗalibai abin da suke gani, ya rubuta amsoshinsu a allo kashi biyu, sunan kayan aiki a gefe guda, sunan halitta a ɗaya gefen. In gefe ɗaya ya cika ɗayan ya zauna wayam, kada a yi saurin ɗora wa ɗalibai laifi, a fara tuhumar hoton. Sau da yawa kuma ɗan maƙeri da ke zaune a bayan aji shi zai fara gane awartakin Voltri, ko da bai taɓa jin sunan Smith ba.