4.3 Sharhi A Kan Mutum-Mutumin Yumɓu Na Sakkwato Da Ke Gidajen Tarihi

A wannan sashe za a dubi mutum-mutumin gasasshen yumɓu waɗanda masana suke kira samfurin Sakkwato, sannan a kwatanta yadda aka adana su da yadda Rashawa suka adana zane-zanensu. Manufa ita ce a nuna cewa ingancin sharhi ya dogara ne a kan bayanin da aka ajiye tare da kayan.

Ta fuskar siga, abin da yake fara ɗaukar ido shi ne gira. Maginin yakan kumbura ta, ta sauko a kan ido, har fuskar ta yi kama da ta dattijon da ya ɗaure fuska. Na maza sukan zo da gemu, kai yakan rinjayi gangar jiki, ado kuma kaɗan ne. Wannan ya bambanta su da na Nok, masu ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya, ga kitso da duwatsun wuya birjik. Wato shi wannan magini ya tattara gwanintarsa a fuska, ya bar jiki ba tarkace, kuma a nan ƙarfin aikin yake.

Sai dai daga siga mai sharhi ba ya iya wucewa zuwa ma'ana. Ɗaure fuskar nan na iya zama alamar sarauta, ko tsufa, ko makoki. Abin da zai raba gardama shi ne sanin inda aka tono su da abin da aka tarar tare da su, to amma galibinsu masu haƙan ɓoye ne suka fitar da su, suka sayar wa dillalai. Hatta sunan ma akwai gyara a ciki, domin ana ƙiyasta shekarunsu da kimanin 2,000, alhali birnin Sakkwato a 1809 aka kafa shi.

Misali a nan shi ne guda uku, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, da Faransa ta saya a ƙarshen shekarun 1990, aka baje su a gidan tarihi na Louvre da ke Paris a shekarar 2000. Dokar Nijeriya mai lamba 77 ta 1979 ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba tare da izini ba. A 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Yarjejeniyar ta warware batun mallaka, amma ba ta maido da bayanin da ya salwanta a ramin haƙa ba.

Idan aka juya ga Rasha, za a ga akasin haka. Wani attajiri mai suna Pavel Tretyakov ya yi ta sayen ayyukan masu zanen ƙasarsa, ya miƙa su kyauta ga birnin Mosko a 1892. Haka kuma, zanen Ilya Repin na masu jan jirgin ruwa a bakin kogin Volga, wanda yake gidan tarihin Rasha a birnin St. Petersburg, an san an yi shi tsakanin 1870 da 1873, an san mai zanen ya je kogin ya zauna da mutanen. Saboda haka idan manazarci ya ce gajiyar da ke fuskokin mutum 11 ɗin nan hoton wahalar talaka ce, yana da hujja. Wannan hujja ce mai nazarin yumɓun Sakkwato ya rasa, ba don aikin ya gaza na Repin a ƙwarewa ba.

Wani abin da ya taimaka wa asarar shi ne kiran waɗannan kaya gumaka, wanda yake sa a ga rabuwa da su ba komai ba ne. Nazarin abu daban, bauta masa daban. Bisa ga haka, wannan bincike yana ganin ya kamata duk abin da manomi ya tono a ƙasar Jega, Aliero ko Maiyama a rubuta wurin da ranar, a kai shi gidan tarihi irin na Kanta da ke Argungu, wanda aka buɗe a 1958, tun kafin dillali ya riga manazarci.