Oppenheimer: Nadama Ba Lasisi Ba Ce

Fim ɗin Oppenheimer na Christopher Nolan, wanda ya fito a 2023, ya ci kyautar Oscar bakwai. Awa uku muna tare da mutumin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na farko. Amma kyamara ba ta taka Hiroshima ba, ba ta kuma leƙa Shinkolobwe a Kwango ba, inda aka haƙo mafi yawan yuraniyom ɗin aikin. Fuskar mai nadama kawai aka ba mu.

Nan matsalar take. Mai kallo zai tashi yana jin makamin ya faɗa hannun masu tausayi, don haka ya dace da su. Alhali yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968 ba ta auna halin kowa ba, kwanan wata ta duba. Duk ƙasar da ta gwada bam kafin 1 ga Janairu 1967 ta shiga sahu: Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa da China. A sashe na 6 sun ɗauki alkawarin tattauna kwance ɗamara, amma har yau makaman suna hannunsu.

Ba mu ce a raba wa kowa bam ba. Muna cewa fim ɗin ya ji tausayin maƙerin, ya manta da waɗanda wutar ta ci.