Jarumi Mai Rufe Fuska da Jarumi Mai Kirari

Ranar Talata a kasuwar Mafara, da wuya layin 'yan gwanjo ya rasa rigar yara mai hoton Spider-Man ko jakar makaranta mai tambarin Batman. Yaron da za a saya wa bai taɓa riƙe mujallar zane ba. A waya ya san jarumin, daga shagon masu tura fina-finai. Amma a kan takarda mai arha aka haifi waɗannan jarumai.

A 1938 wasu samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan Yahudawa 'yan ci-rani, suka sayar da Superman a kan dala 130 kacal. Lokacin Amurka ba ta gama farfaɗowa daga karayar arziki ba. Abokan gabarsa na farko mutane ne irin na unguwa: mai dukan matarsa, mai ramin ma'adinai da ke wasa da ran leburori, ɗan siyasa mai cin hanci. Batman ya biyo baya a 1939. A ƙarshen 1940 aka zana Captain America yana naushin Hitler a bangon mujalla, tun Amurka ba ta shiga yaƙin ba. Masu zanen sun sayar wa talaka abin da ya rasa ne, wato mai ƙarfin da zai tsaya masa ba sai an kai ƙara ba.

Bahaushe ba baƙon wannan buri ba ne. Tun 1934 Gandoki na Bello Kagara yake karo da aljannu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda aka aro daga labarin Rashawa, ya yi shekaru a kwance ba ya iya tashi kafin ƙarfi ya zo masa, kuma nan ne labarin ya fi kama zuciya, domin duk mai rauni yana ganin kansa a wannan shimfiɗa. A ƙasar Zamfara ma ba sai an buɗe littafi ba. Akwai ɗan tauri da wuƙa ke lanƙwashewa a cikinsa, da mafarautan da Kassu Zurmi ya wasa, da Shago da Ɗan Anace ya ɗaga har ya fi ƙarfin ɗan damben duniya. Tsofaffin Maradun da Mafara kuma sun san ranar da ake neman mai ceto a rasa: a Afrilun 1980 manoman da dam ɗin Bakolori ya cinye wa gonaki suka tare hanya suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe masu wuta.

Inda aka raba gari shi ne fuska. Jarumin Amurka ɓoye kansa yake yi. Clark Kent, wato Superman in ya ɓoye kansa, ɗan jarida ne mai tabarau, ba wanda ke kallonsa sau biyu. Namu kuwa sai ya shigo fage ya yi kirari, ya ambaci ubansa da garinsu da ubangidansa, makaɗi na biye da kalangu. Ana sanin gidan da za a je in ya yi ɓarna. A ganina wannan ya fi abin rufe fuska daraja, ko da yake ba ya hana ɗan tauri zama fitinanne.

Yau a hanyar Bakura ko dajin Maradun, wanda ya fito da rawani naɗe har ido, ba ceto ake tsammani daga gare shi ba. 'Yan sa-kai ma da sunan kare gari suka fara, daga baya aka yi ta kuka da kisan da wasunsu ke yi ba shari'a. Marubutan mujallun zane sun daɗe da fara tuhumar jarumansu a kan haka. Watchmen na Alan Moore da Dave Gibbons, a 1986, kacokan a kansa yake. Wannan Gibbons ɗin, shekaru goma kafin nan, yana cikin masu zana wa 'yan Nijeriya jaruminsu Powerman.