Dabbobin Da Suka Shuɗe: Fagen Da Ke Jiran Alƙalamin Hausa

Akwai wani reshe na adabi da marubutansa ke rayar da dabbobin da suka ƙare tun kafin ɗan Adam ya iya rubutu. Dinoso ne ya yi suna, amma bayan ƙarewarsa shekara miliyan 66 da suka wuce, duniya ta ga wasu halittun: giwa mai gashi, da damisa mai fiƙa kamar takobi, da wata dangin giwa a gabashin Afirka wadda haurenta ya fito daga haɓa ya lanƙwaso ƙasa.

Cikin waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu a wannan fage akwai Bjorn Kurten, masani ɗan ƙasar Finlan da ya rasu a 1988. Ya daɗe yana auna haƙora da ƙasusuwan namun dajin zamanin ƙanƙara kafin ya fitar da ƙagaggen labarinsa a 1978, wanda aka fassara zuwa Turanci da sunan Dance of the Tiger. Ƙa'idar wannan fage ita ce ƙashi ne ke yi wa tunani linzami: marubuci na iya ƙago launin fata ko kukan dabba, amma ba ya ba ta tafiyar da ƙashin ƙafarta ya ƙaryata.

Adabin Hausa ya bi wata hanya dabam. A tatsuniya, kura haɗama ce da wauta, dila malamin daji, zaki manyan dawa. Abubakar Imam, haifaffen Kagara maƙwabciyar Birnin Gwari, ya ɗauki aku a Magana Jari Ce ya kai shi har kujerar waziri. Dabbobin nan duk mutane ne sanye da fata, an aro su don a yi wa jama'a hannunka mai sanda.

Sanin dabba a matsayinta na dabba yana hannun maharba. Maharbin dajin Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari, wanda ya zama gandun dajin ƙasa a 1999, zai durƙusa kan sawu a laka ya gaya maka gwanki ne ko kanki, da gudu ya wuce ko kiwo yake, jiya ne ko da asubar nan. Aikin Kurten ke nan: fitar da dabba sukutum daga 'yar alama.

Ƙasar Birnin Gwari zinariya take bayarwa, domin zafi da matsi sun riga sun narkar da tsoffin duwatsunta sun sake su, ba su bar burbushin halitta ba. Ƙasusuwan suna Sakkwato. Bayan dinoso, teku ya ratsa Sahara ya kwanta a kan Wurno da Dange da Kalambaina, kuma farar ƙasar da ake siminti da ita a yau ragowarsa ce. Tun 1930 wani masani mai suna Swinton ya bayyana ƙasusuwan kadojin teku masu dogon baki da aka tono a lardin.

Ke nan kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Haɗa su ne ya rage. Sai dai lokaci na ƙurewa, domin rashin tsaro ya raba maharba da dajin, dattawansu kuma suna tafiya da abin da suka sani. Marubucin da ke son shiga wannan fage ya fara zama gaban waɗannan dattawa da littafin rubutu, kafin ya nufi Wurno.