Shin "Mutum" Suna Ne Kawai? Nazari a Kan Wasiƙar Anselm

Wanda ya shiga kasuwar Bungudu zai ga wannan saniya da waccan, amma ba zai taɓa ganin "saniya" zallarta ba, wadda ba fara ba ce, ba baƙa ba. To, akwai ta, ko kuwa suna ne kawai da muka laƙaba wa dabbobi masu kama da juna? Tambayar ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Malamin da ya wallafa Ahalari, wanda almajirai ke karantawa a zaure, shi ne ya wallafa Sullam, littafin manɗiƙi inda ake koyon jinsi da nau'i.

A cikin ikkilisiya, maganar ta yi zafi a kan wani malami a Faransa mai suna Roscelin. An ce ya koyar cewa irin waɗannan kalmomi iskar baki ce kawai, ɗaiɗaikun abubuwa ne kaɗai ke akwai. Majalisar Soissons ta tuhume shi a 1092 da mai da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki alloli uku. Anselm, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a 1093, ya amsa masa a wasiƙarsa kan zaman Kalma mutum. Hujjarsa ita ce, wanda ya kasa gane yadda mutane da yawa suke ɗaya a jinsi, yaya zai gane ɗayantakar Allah?

Ina da ƙorafi biyu. Kusan duk abin da muka sani na Roscelin daga bakin abokan hamayyarsa ya fito, kuma Anselm bai sassauta masa harshe ba. Sa'an nan misalin kansa yana ɗingishi, gama mutum uku dai mutum uku ne, ɗayantakar Allah kuwa ta wuce ta jinsi nesa.

Duk da haka, a kan ɗan Adam ina bayan Anselm. In "mutum" iskar baki ce, da wuya a fahimci Romawa sura 5, inda Manzo Bulus ya ɗaure mu duka ga Adamu, ya kuma buɗe mana ƙofa ta wurin Almasihu. Me Kalma ya ɗauka, in babu wata halitta da ni da kai muka yi tarayya a cikinta?

A nan ne wasiƙar ta tsaya mini a rai, 'yan'uwa. Tun da tashin hankali ya addabi Zamfara, mun juya lissafin. Idan aka tare hanyar Gusau zuwa Tsafe, sai ka ji an ce "Fulani ne," kamar akwai wani mutum guda mai wannan suna da ya riƙe bindiga, har mai tallar nono ta shiga cikin laifin. Ƙabila, wadda harshe da tarihi suka haɗa, mun mai da ita halitta mai ɗaukar alhaki. "Ɗan Adam" kuwa, wanda Almasihu ya ɗauka, mun bar shi kalmar wa'azin Lahadi. Na ji wannan daga bakin masu bi, ni ma na taɓa kama shi a bakina.