A juya mana Cabascabo da Sarraounia zuwa Hausa

Farautar tsofaffin fina-finai ta zama yayi. Masu tara kayan tarihi a Turai suna rububin tsohon faifai da hoton tallar fim, kuma ƙarancin waɗanda suka san fim shi ke ƙara masa daraja a idonsu. Ban ƙi ba, don ba dominsu ba da zafi da ƙura sun cinye abubuwa da yawa. Amma fim ɗin da ke kulle a akwati bai amfani mutanen da aka yi shi a kansu ba.

Cabascabo na Umaru Ganda ya fi tsaya mini a rai. Fim ne fari da baƙi, na minti 45, da Zabarmanci, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969. Ganda da kansa ya yi wa Faransa soja a yaƙin Indochine, shi ne kuma ya fito a matsayin sojan da ya dawo gida da kuɗi. Abokai da 'yan mata suka yanyame shi, aka ci aka sha, aljihu na yin wayam kowa ya watse. Za ka yi dariya, sannan dariyar ta maƙale maka, musamman in ka taɓa zama da mazan jiya ka ji yadda ta ƙare musu. Ganda ya rasu a 1981, kuma matasan yau ƙalilan ne suka taɓa ganin fuskarsa.

Na ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, ma ya fi ciwo. A 1986 Med Hondo ya fitar da Sarraounia daga littafin Abdullahi Mamani, labarin Sarauniya Mangu da ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu a 1899. Ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. A Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma Sarauniyar ba da Hausa take magana ba. To, tsohuwar da ke Matankari ko Tibiri ta yaya za ta bi labarin kakanninta?

Kullum ana juya fina-finan Indiya zuwa Hausa, suna yawo a wayoyi har ƙauye. Masu wannan gwaninta, da hukumomin al'adu a Yamai, ku nemi izinin masu haƙƙi ku juya mana waɗannan biyun, a haska su a fili a Dogon Dutsi da Lugu.