Sharhi a Kan Majigin "Megalopolis" na Coppola

Duk wanda ya ga The Godfather na 1972 da Apocalypse Now na 1979 ya san Francis Ford Coppola gwani ne. Saboda haka, da Megalopolis ya fito a 2024, yana da shekara 85, sai aka sa rai ƙwarai. Wajen dala miliyan 120 ya kashe daga aljihunsa, don kada wani kamfani ya sa masa linzami.

Tushen labarin shi ne makircin Katilina a birnin Rum, shekara 63 kafin haihuwar Annabi Isa, amma aka mai da shi Amurka ta zamani. Katilina, mai zanen gini wanda ke da ikon tsai da lokaci, yana so ya sāke birnin. Magajin Gari Sisero kuwa ya ƙi.

Wannan jayayya ta isa ta ɗauki majigi, amma ba a bar ta ta nuna ba. Mutanen ciki wa'azi suke yi, ba zance ba. Akan ta da al'amari babba, kamar faɗowar tauraron ɗan'adam a kan birnin, sa'an nan a watsar da shi. Talakawan da aka rushe wa gidaje ba a ji ta bakinsu sosai ba, alhali kuwa dominsu aka ce ana ginin.

A ganinmu, rashin linzamin nan shi ya kā da gwani. Malaman da ke koyar da tsarin labari sai su lura: ƙawa ba ta tsai da ginin da ba shi da harsashi.